Huɗar Namadi Ta Karkace

Wanda ya saba bin hanyar Kebbe daga Tambuwal da damina, shekarun baya kaɗan, ya san gonar yayana Namadi ko da bai san mai ita ba. Tana bakin hanya kafin a shiga ƙauyenmu, kunyoyinta a miƙe sambal kamar an ja zare. Masu babur kan rage gudu su kalla. Ni ce Mu'minatu, ƙanwarsa mai bi masa, mai matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, kuma ni zan ba da labarinsa, don in na bar wa mutanen gari za su ce mugu ne. Namadi ba mugu ba ne. Ƙyashi ne ya yi masa katutu a zuciya, kuma duk duniya mutum ɗaya yake yi wa shi, ƙanenmu Gazali.

Mu uku muka rayu cikin 'ya'yan Malam Isah. Namadi ne babba, sai ni, sai Gazali auta. Namadi ya kama garmar shanu tun tsayinsa bai kai tozon sa ba, ya tashi da kanta a tafin hannu. Shi kuwa Gazali ya zo duniya da laulayi, yau ciwon ciki gobe zazzaɓi, saboda haka Inna ta riƙa lallaɓa shi. In an kaɗa nono shi ke lashe man, in an soya ƙwai shi ke samun gwaiduwa. Da ya yi wayo aka kai shi karatu Sanyinna wurin wani malami abokin Baba, ya dawo da farar riga da tattausan hannu. Namadi yana ganin wannan duka, kuma bai manta ko ɗaya ba. In Inna ta raba nama, ba ya duba nasa sai ya fara duba na Gazali. Wallahi ni ma wani lokacin nakan ji abin a raina, sai dai ni nakan buɗe baki in yi masifa in huce, shi kuwa haɗiyewa yake yi.

Abu ɗaya ne Namadi ya san ya fi kowa a kai, huɗa da horon shanu. Ya san yadda ake sa wa maraƙi igiyar hanci ba a ɓata shi ba, ya san muryar da sa ke ji ya juya a ƙarshen kunya. Mutane kan kawo masa shanunsu daga Jabo ya hora musu. In yana bayan garma sai ka ga fuskarsa ta saki, har waƙe-waƙe yake yi. A can ne kaɗai ba ya tuna Gazali.

Da Baba ya ga ƙarfinsa ya fara ƙarewa, sai ya kira su biyun wurin turke, ni ma ina tsaye. Shanun huɗarsa biyu ne, Fari da Toka, gudale ne dukansu, rana ɗaya ya sayo su a kasuwar Tambuwal, kansu ɗaya kamar tagwaye. Fari ke ɗaukar gefen dama na karkiya, Toka gefen hagu, haka Namadi ya hore su. Baba ya kama igiyar Fari ya sa a hannun Namadi, ya kama ta Toka ya sa a hannun Gazali. Karkiya da garma kuwa ya ce ba na kowa ba ne.

"Sa guda bai huɗa," in ji shi. "In kuna son tuwo, ku haɗa su."

Bai ga damina ta gaba ba, Allah ya jiƙansa.

To, a zamanin Baba, da an kawar da amfanin gona ake sakin shanu su bi fadama, ko a haɗa su da garken Fulani su yi rani a daji su dawo da jikinsu. Yanzu fadamar ta zama ta masu albasa da shinkafar rani, kowa ya kewaye tasa, daji kuma ba ya shiguwa yadda ake shigarsa da. Dole sa ya yi rani ɗaure a turke, abin da ka zuba masa shi zai ci. Wannan sabon abu ne gare su duka biyun, ba wanda Baba ya koya wa.

Namadi ya fuskanci abin da ƙarfi, yadda yake fuskantar komai. Ya tara karan dawa da na gero dami kan dami, har tarinsa ya fi rufin ɗakinsa tsawo, ana hango shi daga bakin masallaci. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa ya sayar wa masu turka raguna na cikin Tambuwal, don tana da daraja, ya ce ba zai zuba wa sa abin da 'yan birni ke rububi ba alhali ga kara jibge. Kullum komin Fari cike yake. Ba wanda zai ce ya bar dabba da yunwa.

Gazali shi bai san komai a kan shanu ba, kuma ya san bai sani ba, sai ya hau babur ya je ya tambayi malamin dabbobi. Aka gaya masa busasshen kara cika ciki kawai yake yi, ba shi da abin gina jiki, kuma tumbin sa ba ya iya narkar da karan ma sosai sai ya sami ɗan abin gina jikin tare da shi. Da ya maimaita mini sai na ce wannan ai ba sai an je Tambuwal ba, gayan tuwo ne da miya. Ka ajiye wa ƙato gayan tuwo malmala goma, zai ci biyu ya ture, amma ɗiga masa miya ka ga aiki. Gazali ya riƙe harawarsa bai sayar ba. Ya riƙa sassara karan ƙanana yana yayyafa masa ruwan kanwa, in ya je gona ya tsinto 'ya'yan gawo. Gyaɗarsa kuma ya kawo mini na matse, ya kai man gida, tunkuzar na shanya masa ta bushe. Kowace safiya sai ya ɗebi tunkuzar cikin gwangwanin tumatir ɗaya, babban, ya barbaɗa wa Toka a kan kara. Iyakar abin ke nan.

Ban ɓoye wa Namadi ba. Na same shi har gida na ce ya kawo tasa gyaɗar in yi masa haka. Ya ce abin da yara ke sha da gari shi zai ba dabba? Almubazzaranci ke nan. Sai kuma na ga kamar abin ya shige shi, ya tambaye ni wa ya gaya mini wannan dabara. Na ce Gazali. Shi ke nan, kamar na watsa wa wuta ruwa. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ya juya mini baya ya ci gaba da zuba kara.

Da ruwan farko ya sauka aka fito da su. Toka ya fito sumul, tozo a tsaye, fata tana sheƙi. Fari ya fito da ƙaton ciki kamar randa, amma haƙarƙarinsa ana iya ƙirga su daga nesa, ƙugu ya fito tsuru. Aka ɗora karkiya, Namadi ya kama garma a gonarsa ta bakin hanya. In shanu biyu ba ƙarfi ɗaya ba, mai ƙarfin ke yin gaba, garma kuma ta riƙa zamewa wajen raunannen, ko wane ne ke riƙe da ita. Namadi ya danna, ya ja, ya yi tsawa, ya zabga wa Fari tsumagiya abin da bai taɓa yi ba, amma kunya sai lanƙwasa take yi dama. Lauwali mahauci, wanda bakinsa ba ya shiru, ya tsaya da babur ɗinsa a bakin hanya ya tambaye shi ko bana maciji ya ɗauka aikin huɗa. Ya kuma ƙare wa Fari kallo irin na mahauta, ya ce in an gaji da shi a tuna da shi.

Ranar Namadi bai ci tuwon dare ba, matarsa Sharifa ce ta gaya mini. Kwana biyu sai ga shi ya fito da abin da ke cinsa. Wai Baba ya san abin da ya yi. Wai tun ran da aka sayo shanun ya san Toka ne mai kyawun iri, shi ya sa ya ajiye wa ɗan lelensa, shi kuma da ya yi masa bauta tun yana ƙarami aka miƙa masa saura. Ya faɗa mini, ya faɗa wa Sharifa, ya faɗa a majalisar ƙofar masallaci. Na ce masa ya ji tsoron Allah, mutumin yana kabari. Ya ce ai ba zagi ya yi ba, gaskiya ya faɗa, kuma ni ma na sani tun muna yara haka ake yi. Abin haushin, wannan na ƙarshen ban iya ƙaryata shi ba.

Bayan kaka ya tari Gazali a gabana ya ce a yi musanya, ya ba shi Toka ya karɓi Fari. Na zaci za a yi rigima, har na gyara ɗaurin zane. Gazali ko gardama bai yi ba, ya je ya kwanto Toka ya kawo. Gazali yana da irin haƙurin nan mai ƙona rai, wanda in kana neman faɗa da shi sai ka ji kamar kana dukan buhun auduga. Namadi ya so a ce ƙwata ya yi, sai ga shi an ba shi kamar sadaka. Da zai miƙa igiyar, Gazali ya rage murya ya ce Toka ya saba da 'yar tunkuza da safe, in Yaya ya ga dama.

"Tun ba a haife ka ba nika kiwon sa," in ji Namadi. "Kai za ka gwada min?"

Danga ɗaya ce ta raba gidajensu, ta kara, kuma turakun biyu suna jikinta, ɗaya nan ɗaya can. Wannan rani Namadi ya yi shi ne da ido a jikin danga. Sharifa ta ce har ya ɓula wani wuri daidai tsayinsa, kullum da safe in ya dawo masallaci sai ya tsaya nan kamar mai gyaran danga. Yana kallo Fari, san da ya raina, ya fara cikowa. Ramin ƙugun ya toshe, wuya ya yi kauri, yana cinye karansa tas ya kwanta yana tuƙa hankali kwance. A bayansa kuwa Toka na tsaye kan tarin kara, yana tsintar ganyen yana barin sandunan, kashinsa ya bushe ya yi ƙwalla-ƙwalla, tozo ya fara kwanciya gefe. Sautin tuƙar Fari ma hana shi sukuni yake yi.

Mai hankali da ya ga haka ai ya gane. Amma wanda ƙyashi ya kama ba ganewa yake nema ba, wanda zai ɗora wa yake nema. Da farko ni ya ɗora wa. Ya zo har wurin tuyata ya ce ni da Gazali bakinmu ɗaya, ina ba shi na musamman. Na ajiye matsami na ce masa ga tunkuza can a tabarma tana shan rana, ya ɗiba ko buhu ne, in ya ƙi kuma kada ya ƙara zuwa ya ɗaga mini hankali a gaban masu saye. Bai ɗiba ba. Daga nan ya koma cewa asiri ne, ai ba banza aka yi shekaru a Sanyinna ba, ruwan da Gazali ke yayyafa wa kara rubutu ne. Ruwan kanwa fa! Ya je ya samo nasa rubutun wurin wani malami, ya wanke a bokiti ya ba Toka. Toka ya shanye, ya ɗago kai yana kallonsa, haƙarƙari na nan yadda suke.

Damina ta biyu aka ɗora karkiya, kunya ta lanƙwasa hagu. Lauwali ya tsaya a wurin da ya tsaya bara ya ce, to, bara dama, bana hagu, in Allah ya kai mu baɗi sai a haɗa a samu daidai. 'Yan majalisa suka ɗauki maganar suna yi da ita har kaka. Mutanen Jabo da ke kawo masa horo suka fara kai wa wani. Ba wanda ya ce Namadi ya manta huɗa, amma gona tana bakin hanya, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a gonar Gazali ma shi ke riƙe garmar, kunyoyin can ma a karkace suke, amma Gazali sai ya ce ba komai Yaya, dawa ba ta san karkace ba.

Na san a rani na uku ya riga ya yarda a cikinsa. Ya daina zancen asiri, ya daina zancen Baba a majalisa. Abin da ya rage shi ne yadda zai yi ba tare da an ce ya bi bayan ƙanensa ba. Harawa ya riga ya sayar tun kaka, don kada a ga ya canja. Tunkuza kuma in ya saya wurin kowace mace a garin nan, kafin azahar na ji, in na ji kuma gani yake Gazali ya ji. Tsintar gawo a fili ake yi. Haka ya yi ta jan ƙafa, yau gobe, Toka na ƙara zubewa, har bazara ta kama, zafi ya tsananta, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas.

Sai ya tashi ya tafi wata kasuwa can gaba da Jabo inda ba a san shi sosai ba, ya dawo da buhuna biyu a bayan babur, ya sa su cikin buhunan taki don a zaci taki ne. Dusa ce da dusar angurya. Ta ramin danga abin da yake gani kawai shi ne Gazali na juye gwangwani ɗaya, sai ya yi lissafinsa irin na mai ƙarfi: in gwangwani ya yi wannan aiki cikin watanni, to baho zai yi shi kafin ruwa ya sauka. Bai tsaya nan ba, don ba daidai yake so ya yi da Gazali ba, so yake ya wuce shi. Ya buɗe rumbu ya ɗebo wake da gero, abincin gidansa, mutumin da ya ce tunkuza almubazzaranci ce, ya jiƙa ya haɗa da dusar ya cika baho. Sharifa ta ce masa Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce ta shiga ɗaki.

Toka da ya yi wata da watanni bai ga komai ba sai sandar kara, ya sa kai bai ɗago ba sai da ya lashe bahon. Namadi ya ƙara masa. Ya kawo ruwa, ya sha ya ƙoshi.

Da la'asar ina kwashe ƙuli daga kasko sai ga Sharifa ta shigo ko mayafin kirki babu, ta ce in ba ta man gyaɗa kwalba guda, maza. Na ce me ya faru, ta ce an hana ta faɗa. Na ɗauki kwalbar da kaina na bi ta. Na tarar da Toka a tsaye ƙafafu a warwatse, gefen cikinsa na hagu ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana numfashi da baki, yawu na zuba. Namadi ya riƙe kansa yana kiran sunansa da muryar da yake yi masa a gona. Muka ɗura masa man, rabi ya shiga rabi ya zube. Na ce a kira Gazali, yana da lambar malamin dabbobi. Namadi ya ce in na kira shi ba ni ba shi. Na ce to ba ni ba kai ɗin, na je jikin danga, daidai ramin da ya ɓula, na ƙwala wa Gazali kira.

Gazali ya zagayo da gudu, ya buga waya. Malamin yana wani ƙauye can wajen Kebbe, ya ce a ci gaba da ba shi mai, a sa shi tafiya, ga shi nan tafe. Tafiyar ce ba ta yiwu ba. Toka ya yi taku kaɗan ya durƙusa, ya kwanta gefe, ido ya fara juyawa. Maƙwabta sun riga sun cika gidan. Wani dattijo ya ce a kira Lauwali tun kafin ya zama mushe. Duk aka juya ana kallon Namadi, don sansa ne, shi zai ce. Ya dubi Toka, sannan ya gyaɗa kai.

Lauwali ya zo ya yi aikinsa, ranar ko kalma ɗaya ta wasa ba ta fito bakinsa ba. Da aka feɗe aka fasa tumbin, sai ga abin ya zubo a gaban maza duka: wake ya kumbura ƙwaya-ƙwaya, gero, dusa tana kumfa tana tsami. Ba wanda ya tambaya, ba wanda ke bukatar tambaya. Lauwali ya sa ƙafa ya turo ƙasa ya rufe, Allah ya saka masa. Namadi yana tsaye hannu a baya, kuma ba tumbin yake kallo ba, Gazali yake kallo, yana jira ya ga ko zai ce na faɗa maka. Gazali hawaye yake yi, don shi ya yi rainon Toka rani guda. Ina jin da ya yi masa gori da ya fi masa sauƙi.

Ba a yi mako ba ruwa ya sauka mai yawa. Gari ya fita huɗa, karkiyar Baba tana jingine a zaure, gonaki biyu suna jira. Abin da aka samu na naman bai kai ya sayi sa ba, sai wani ɗan bijimi ramamme da bai taɓa ganin garma ba, ja mai tsayin ƙafa. Namadi ya jawo shi daga Tambuwal ya ɗaure a turken Toka. Da yamma Gazali ya shigo riƙe da igiyar Fari, ina nan na kawo wa Sharifa ƙuli. Ya ce Fari tun asali na Yaya ne, shi Baba ya ba, a bar masa ƙaramin ya yi ta fama da shi.

Namadi ya dubi Fari, ya cika ya batse, ya dubi ɗan jan da ƙasusuwa a waje. Na ga yana so, wallahi yana so.

"In na amsa," ya ce, "baɗi wanga ɗan abu shi ka zama ƙato hannunka, Fari shi lalace hannuna, in koma leƙen danga. Mai da abinka."

Cikin kwanakin da suka biyo ya hori ɗan jan da gaggawa, ya koya masa gefen hagu. Aka yi huɗa a makare, bayan kowa ya gama. Kunyoyin shekarar sun fi na kowace shekara muni, don ɗan bijimin ba ƙarfi ba sabo. Namadi ya riƙe garmarsa a bakin hanya, masu babur na wucewa, bai ɗaga kai ba kuma bai taɓa shi da tsumagiya ba. Da kaka ta yi 'yan Tambuwal suka zo sayen harawa, ya ce bana babu. Ya ɗora ta kan rumfa, gefen da ba a hangowa daga gidan Gazali.

Wata safiya bayan an gama sussuka, ina hura wuta, sai na ji sallamarsa. Ya shigo da buhun gyaɗa a kafaɗa ya dire, ya zauna kan turmi, abin da bai taɓa yi a gidana ba. Muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da gwangwanin tumatir, babban, ya wanke shi tas har ya daddanne bakin don kada ya yi yanka. Ya tambaye ni nawa Gazali ke ba nasa. Na ce cikin wannan sau ɗaya, shafe, ba tozo, kuma ɗan jan da rabi za a fara masa har cikinsa ya saba. Ya ce kada in faɗa masa. Na ce ni ina ruwana.

Ya yi ta juya gwangwanin a hannu. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Mu'mina, ashe Baba daidai ya raba."

Shekara uku yana riƙe da maganar nan, in ba a ce tun yarinta ba, kuma da ya sake ta ban ga ya ji daɗi ba, sai ya yi kama da wanda aka karɓe wa sandar da yake dogarawa. Ya share fuska da hannun riga ya ce hayaƙina ya yi yawa.

Na karɓi gwangwanin na je tabarmar da busasshiyar tunkuza take, na ɗebo rabi na girgiza ya zauna, na miƙa masa. Ya leƙa ciki. Ya tambaya ko haka Gazali ya fara wa nasa, na ce haka, ko ƙwaya bai fi ba. Ya miƙe zai tafi, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo ya miƙo mini gwangwanin.

"Ɗan ƙara min kaɗan."

Na buɗe baki zan yi masa masifa, in tuna masa bahon da ya kashe Toka. Sai na sa yatsu uku na tsinko 'yar kaɗan, wadda ba za ta cutar da ko akuya ba, na zuba masa. Tun muna yara ban taɓa ganin wanda ya ƙara masa a kan na Gazali ba.